Shin maganin mura na iya jefa direba cikin laifin tuƙi a Saudiyya?

A unguwar Ulaya da ke tsakiyar birnin Riyad, inda dogayen gine-ginen Mamlaka da Faisaliyya suke, ba sai mutum ya yi nisa ba zai ci karo da kantin magani. Idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, mura kan bi gida-gida, kuma cikin masu shiga waɗannan kantuna akwai direbobin gidaje da masu kai saƙo, har da Hausawan da ke neman abinci da sitiyari. Mutum ya sayi maganin mura ba tare da takardar likita ba, ya kora da ruwa, ya koma kan titin Sarki Fahad. Da wuya ya kawo a ransa cewa ya kusanci wani laifi.

Amma dokar ƙasar ta tanadi hukunci a kan haka.

Me dokar ta ce?

Dokar zirga-zirgar ababen hawa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007 aka kuma yi mata gyara a 2018, ta jera abubuwa uku a layi guda: tuƙi cikin tasirin abin sa maye, ko miyagun ƙwayoyi, ko magungunan da aka yi gargaɗi kada a yi tuƙi bayan an sha su. Tarar wannan laifi tana farawa daga riyal 5,000 zuwa 10,000, abin da ya fi albashin wata biyu ko uku na yawancin direbobin gida.

Kashi na ukun nan shi ne inda gizo ke saƙar. Dokar ba ta tambayi ko maganin halas ne ba, ko likita ne ya rubuta shi, ko kuwa a kan kanta aka ɗauko shi. Abin da ta duba shi ne gargaɗin da ke tare da shi. 'Yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake jefarwa tare da kwali, ita ce za ta iya zama hujja a kan direba.

Idan lamarin ya kai ga hatsari, nauyin ya fi haka. Wanda ya haddasa hatsarin da aka rasa rai ko wata gaɓa saboda ganganci ko sakaci na iya fuskantar ɗaurin da zai kai shekara huɗu, ko tarar da za ta kai riyal 200,000, ko duka biyun. Sharuɗɗan inshorar mota ta dole ma sun ambaci magungunan da likitoci suka hana tuƙi bayan shan su, don haka direba na iya tarar da cewa kuɗin ɓarnar a wuyansa za su ƙare.

Abin da ke cikin ƙwayar

Yawancin magungunan mura haɗi ne: farasitamol don zazzaɓi da ciwon jiki, wani sinadari don buɗe hanci, sai kuma mai tsayar da majina da atishawa. Na ƙarshen nan shi ne matsalar. Tsofaffin nau'o'insa, irin su kulofeniramin da daifenhaidiramin, suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, su danne sinadarin da ke riƙe mutum a farke. Kulofeniramin shi ne ke cikin Piriton da Procold da aka sani a Kano da Maraɗi, daifenhaidiramin kuma yana cikin Panadol Night.

A shekarar 2000, masu bincike a Jami'ar Iowa da ke Amurka sun gwada direbobi 40 a na'urar kwaikwayon tuƙi. A lokuta daban-daban an ba kowannensu daifenhaidiramin, da barasa, da wani sabon maganin atishawa, da kuma ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Sakamakon ya nuna cewa daifenhaidiramin ya fi barasa lalata tuƙinsu. Wani abin da binciken ya gano ya fi wannan tayar da hankali: yadda direba ke jin kansa ba ya nuna ainihin halin da yake ciki. Mutum na iya rantsewa cewa idonsa biyu, alhali motar tana karkacewa daga layinta, ƙafarsa kuma tana jinkirin kai wa birki.

A titi irin na Sarki Fahad, inda motoci ke bin juna kusa da kusa, jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa. Ga shi kuma mai mura dama bai samu barcin kirki ba, direban gida kuwa yakan tashi tun asuba don kai yara makaranta. Shayi ko gahawa na iya buɗe ido na ɗan lokaci, amma ba sa fitar da maganin daga jini, kuma tasirin wanda aka sha da dare yakan kai har safiya.

Sababbin nau'o'i, kamar loratadin da feksofenadin, ba su cika sa barci ba. Setirizin yana tsakani, domin yakan kasalar da wasu.

Guzurin da aka taho da shi daga gida

Akwai wani haɗarin na daban ga matafiya. Sinadarin buɗe hanci da ake kira sudo'efedirin ba ya sa barci, sai dai a gwajin fitsari na gaggawa yakan yi kama da dangin amfetamin, wato ajin ƙwayar Kaftagon da hukumomin Saudiyya suka tsananta yaƙi da ita tun 2023. Gwaji na biyu a ɗakin bincike yana bambance su, amma kafin nan mutum ya sha tambayoyi. Ajiye kwalin magani da rasit a mota kan taƙaita bayani.

Maganin tari mai kodin kuwa, wanda Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018, da kuma tiramadol, suna cikin magungunan da Saudiyya ke sa wa ido sosai. Shiga ƙasar da su ba tare da takardar likita da rahoton asibiti ba batu ne na dokar miyagun ƙwayoyi, wadda hukuncinta ya yi wa tarar hanya nisa.

Ba Saudiyya kaɗai ba ce. A Birtaniya, dokar hanya ta 1988 ta haramta tuƙi ga duk wanda magani ya raunana, ko da na halas ne, kuma mafi ƙarancin hukunci shi ne shekara guda ba tuƙi. A Najeriya ma tuƙi cikin tasirin barasa ko ƙwaya yana cikin laifukan da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke hukuntawa.

Mafita mafi sauƙi tana bakin kanta: direba ya shaida wa mai harhaɗa magani cewa tuƙi ne sana'arsa, ya nemi wanda ba ya sa barci. Idan kuwa ya riga ya sha mai sa barcin, ya sanar da maigidansa, ya ajiye mukulli. Tun Disambar 2024 layin jirgin ƙasa na cikin birni yake bin titin Ulaya, kuma kuɗin tikitin awa biyu a kujerun talakawa riyal huɗu ne.