Iska ɗaya, suna barkatai: tarihin gano azot da raɗa masa suna

1. Gabatarwa

Ɗalibin Maraɗi da ɗalibin Katsina suna shaƙar iska ɗaya, wadda wajen kashi 78 cikin ɗari nata sinadari guda ne. Na farko an koya masa kiran sinadarin azot, na biyu naitirojin, kuma alamar da dukansu ke rubutawa ita ce N. A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi sawun yadda aka gano shi a Turai tsakanin 1772 da 1790. Abin da muke son nunawa shi ne cewa kowane suna da aka ba shi yana ɗauke da fahimtar masu raɗin, kuma fahimtar takan faɗi ta bar sunan tsaye.

2. Lokacin da kowane gaz sunansa iska

A tsakiyar ƙarni na 18, masana kimiyyar sinadarai suna kiran duk wani gaz da kalmar "iska", su ƙara mata sifa. Joseph Black na ƙasar Sikotilan ya kira gaz karbonik "ɗaurarriyar iska", don ya same ta ɗaure cikin alli da makamantansa. Game da ƙonewa kuwa, ra'ayin Bajamushe Georg Stahl ne ke ci: duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani sinadari mai suna filojistik, ƙonewa kuma fitarsa ce zuwa cikin iska. Idan fitila ta mutu cikin rufaffen tulu, sai a ce iskar ta ƙoshi da filojistik.

A shekarar 1772, wani ɗalibin Black a Edimbur, Daniel Rutherford, ya gabatar da kundin digirinsa na likita cikin Latinanci. Ya rufe kusu cikin mazubi har ya mutu, sannan ya bi da iskar ta cikin ruwan toka mai ƙarfi wanda ya tsotse "ɗaurarriyar iska". Abin da ya saura ba ya riƙe wuta, ba ya riƙe numfashi. Azot ne Rutherford ya ware, amma a ganinsa iska ce ta yau da kullum da ta cika da filojistik. A shekarun nan dai Joseph Priestley a Ingila ya kira ta "iska mai filojistik", Carl Scheele a Suwidin ya kira ta "ɓatacciyar iska". Gwajin kowannensu daidai ne, sai dai sunayen duka suna cewa iska ce da wani abu ya gurɓata, alhali sinadari ne mai zaman kansa.

3. Gyaran suna na 1787

Antoine Lavoisier a Faransa ya juya bayanin ta hanyar awo. Ya nuna cewa ƙarfe yana ƙara nauyi idan an ƙona shi, wato yana ɗaukar wani abu daga iska. Iska ke nan gauraye ce: kashi ɗaya mai raya wuta da numfashi, wanda ya kira okisijen, da wani kashi mafi yawa da ba ya yin haka.

A nan ne tarihin ya shafi masana harshe kai tsaye. Lavoisier ya karanta Condillac, mai ra'ayin cewa harshe kayan aikin tunani ne, kimiyya kuma ba ta daidaita sai harshenta ya daidaita. A 1787, shi da Guyton de Morveau da Berthollet da Fourcroy suka fitar da sabon tsarin sunaye, inda sunan abu zai faɗi abin da ya ƙunsa. Sunan azote sun gina shi da Girkanci: ɗafa-goshi a- mai korewa, da saiwa mai ma'anar rai. Ma'anarsa "marar rai", domin dabba tana mutuwa a cikinsa. Jamusanci ya bi wannan hanya da Stickstoff, wato sinadari mai shaƙewa.

Sunan yana da rauni biyu. Na farko, ban da okisijen babu gaz da ke riƙe numfashi, saboda haka sifar ba ta bambanta shi da sauran ba. Na biyu, daga baya an tabbatar cewa azot yana cikin kowane furotin na jikin mai rai. A 1886 Hellriegel da Wilfarth suka nuna cewa tsirrai dangin wake suna samunsa daga iska ta hanyar ƙulle-ƙullen saiwoyinsu. Manomin Damagaram da ke haɗa hatsi da wake, ko yake barin gawo cikin gonarsa, da wannan "marar rai" yake raya ƙasarsa.

4. Nitrogène da kanwa

A 1785 Henry Cavendish ya bi da tartsatsin lantarki cikin iska, ya ga azot yana haɗuwa da okisijen ya ba da asid ɗin da ke cikin nitre, wato gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Bisa wannan ne Jean-Antoine Chaptal ya ba da shawarar nitrogène a 1790, ma'ana "mai haifar da nitre". Abin mamaki, Ingilishi ne ya karɓi sunan da Bafaranshe ya ƙirƙiro, Faransanci ya riƙe azote, har littattafansa suka daɗe suna rubuta Az a madadin N.

Ita kanta saiwar tana da nata tarihin. Kalmar nitron ta Girkanci, wadda aka aro daga Masar ta dā, tana nufin natron, abin da Bahaushe ke kira kanwa, irin wadda ake haƙowa a Manga. Daga baya ma'anar ta zame zuwa gishirin albarushi. Kanwa gishirin sodiyom ce, ba ta ƙunshi azot ba, kuma daga wannan saiwa ne alamar sodiyom, Na, ta fito. Mai cewa naitirojin, in an bi asali, "mai haifar da kanwa" yake cewa.

5. Kammalawa

Mun ga ke nan babu ɗaya cikin sunayen biyu da ya faɗi gaskiyar sinadarin, kuma wannan bai hana aiki da su ba fiye da shekara 200, domin bakin Girkanci ya rufe ma'anarsu ga mai magana. Darasin yana da nauyi ga masu tsara kalmomin kimiyya cikin Hausa. Idan muka fassara azote da "iska marar rai", yaro zai ji ma'anar a fili, ya ɗauki kuskuren 1787 a matsayin ilimi, sannan malamin noma ya zo ya ce masa ita ce abincin shuka. A ganinmu aro ya fi aminci a wannan wuri. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin azot da naitirojin, kuma ba a yinsa daga gefe ɗaya na iyaka, tunda littafin Hausa da aka buga a Yamai ana karanta shi a Kano.