Ma'aunin Fushi: Tarihin Takardar da Ke Tambayar Zuciya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masana halayyar ɗan Adam na Amurka kuwa sun zaɓi su tambayi mai zuciyar da kansa, a rubuce.

Abin ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Robert Woodworth ya tsara tambayoyi 116 na "i ko a'a" domin tantance sojojin da firgicin fagen fama zai iya karyawa. A 1954 Walter Cook da Donald Medley suka tsamo tambayoyi 50 daga gwajin MMPI don gano malaman makarantar da ba sa jituwa da ɗalibansu. Bayan shekara uku Arnold Buss da Ann Durkee suka fito da nasu mai jimloli 75. A 1992 Buss da Mark Perry suka taƙaita shi zuwa 29, suka kasa abin gida huɗu: duka, baƙar magana, fushi da gaba.

Abin da ya ɗaga darajar waɗannan takardu shi ne binciken 1983, wanda ya bi sawun likitoci 255 na tsawon shekara 25. Waɗanda makinsu na gaba ya yi sama tun suna ɗalibai sun fi kamuwa da ciwon zuciya, sun kuma fi mutuwa da wuri.

Sai dai ma'aunin na Buss da Perry a kan ɗaliban jami'ar Amurka aka gina shi. Ɗauko shi zuwa Fakku, a ƙasar Kebbe, a ga yadda za a kwashe. Wanda bai yi boko ba sai an karanta masa, to amsar ta tashi daga sirri ta koma shaida a gaban baƙo. Dattijon da ya tashi cikin kunya da kawaici, ko Bafulatanin da ke riƙe da fulaku, da wuya ya ce wa sa'ar ɗansa, "Ni mai saurin hasala ne." Mai fassara ma yana da nasa aikin, domin ɓacin rai daban, zafin zuciya daban, riƙo daban, ƙullata daban.

Illar a fili take. Matar da ta shekara ashirin tana haɗiye takaici da sunan haƙuri za ta ci makin mai sanyin rai, likita ya sallame ta alhali hawan jini yana cin ta. Kafin a dogara da irin wannan ma'auni a asibitocin Sakkwato, wajibi ne a gwada shi da Hausa, a kan Hausawa, a kuma haɗa amsar mutum da shaidar waɗanda ke zaune da shi.