Kutare, Maguzawa da Tarihin Bishara a Karkarar Kano

Koyarwar Kirista game da ceto ta ginu ne a kan cewa zunubi ya nisanta mutum da Allah, kuma Allah ne da kansa yake neman wanda ya yi nisa, ya komo da shi ta hanyar mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Sura ta 15 ta Linjilar Luka ta kawo misalai uku a kan haka: ɓatacciyar tunkiya, kuɗin da ya ɓace wa wata mace, da ɗan da ya bar gidan ubansa ya dawo. A ƙasar Kano wannan koyarwa ba ta shiga ta fada ko ta birni ba. Ta fara samun masu saurare ne a cikin kutare da Maguzawa.

Dalilin haka yana cikin siyasar zamanin. A 1900 ayarin mishan na CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ya isa Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su bayan ƴan kwanaki. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita wa'azin mishan a cikin masarautu. Dokta Walter Miller ya samu zama a Zariya a 1905, ya duƙufa kan fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM kuwa, wadda aka kafa a 1893, sai a 1933 ta samu wurin zama a Kano, shi ma a wajen ganuwa.

Cutar kuturta ce ta buɗe ƙofar karkara. A wancan lokaci kuturu yakan rasa aure da sana'a, ya koma bara a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, hukumar En'e kuma ba ta da isassun ma'aikatan jinya. A 1937 aka damƙa wa SIM kula da zangunan kutare na lardunan Kano, Katsina da Sakkwato: Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Yadakunya tana cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yau. A can majinyata sukan zauna shekaru, suna noma, ana yi musu allurar man wani itace da ake kawowa daga Asiya, kafin ƙwayar dafson ta maye gurbinsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa makaranta da ɗakin sujada. Yawancin majinyatan sun koma garuruwansu da Musuluncinsu, amma wasu sun karɓi baftisma, daga cikinsu aka samu malaman asibiti da masu bishara. Asibitin ido da SIM ta buɗe a Kano a 1943 ya ƙara kusanta ta da talakawa.

Rukuni na biyu su ne Maguzawa, Hausawa manoma masu bin addinin gargajiya na iskoki, da ke zaune a manyan gidajen gandu nesa da gari. SIM ta kafa tashoshi a wurare irin su Roni, Karaye da Tofa, da Malumfashi a ƙasar Katsina. Da farko amsar ba ta taka kara ta karya ba. Sai daga wajen 1970 zuwa gaba, lokacin da makarantar boko da hanyoyin mota suka raunana tsohon tsarin gandu, Maguzawa da yawa suka bar tsafi. Wasu suka musulunta, wasu suka shiga ikilisiya. Akasarin masu wa'azin da suka kai musu saƙon ƴan ƙasa ne da suka yi karatu a makarantun Littafi Mai Tsarki da Hausa.

A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta haifa suka zama ECWA mai cin gashin kanta, daga baya gwamnati ta karɓi asibitocin kutare. Haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981 ya sa ana warkar da kuturta ba tare da killace mutum ba. Zuriyar waɗancan masu bi na farko su ne yawancin Hausawa Kirista na karkarar Kano a yau, ƴan tsiraru a tsakiyar Musulmi, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa, suna sujada da waƙa da Hausa.