Daga Fagen Kaka Zuwa Takobin Ƙasa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa yin kokowa a fagen da ake biyan kuɗi kafin a shiga ba. Duk kokowarsa a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙonni da Tsarnawa ya yi ta, zamanin da babu wata hukuma da ta san da zaman ɗan kokowa. Da kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure damma, sai samarin gari su aika wa na maƙwabta goron gayyata. A share fili a bayan gari, makaɗa su ɗaura ganguna tun la'asar, 'yan mata su yi layi a gefe guda, dattawa su shimfiɗa buzu a ɗaya gefen. Wanda ya yi kaye ba wani abin kirki yake komawa da shi gida ba: goro, 'yan kuɗin da aka liƙa masa a goshi, wata rana damin hatsi. Abin da yake nema suna ne, irin sunan da zai riga shi isa kasuwa, ya kuma riga iyayensa isa gidan da za su nema masa aure.

Ko a wancan lokaci akwai hawa-hawa, sai dai ba a rubuce ba. Wanda ya gama da samarin garinsu sai ya rataya layunsa da gurunsa ya kama hanya a ƙafa, shi da makaɗinsa. Yau suna Gidan Idar, gobe Dogarawa, wani mako su haura Adar wajen Badagishiri. In ƙarfinsa ya kai, ya gangara kudu ya tsallaka Illela ta Najeriya har ƙasar Gwadabawa, don iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta taɓa hana ganga amsa ganga ba. Ba wanda ke zaɓarsa, ba wanda ke biya masa kuɗin mota. Bayansa ne shaidarsa: muddin bai taɓa ƙasa ba, gaba zai ci.

Shekarar 1975 ce ta sauya wannan. Ƙasarmu Nijar ta fito daga fari da yunwar 1973 da 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce sun karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, kuma suna neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a inuwa ɗaya. Suka farfaɗo da samariya, suka kuma ɗauko kokowa daga bayan gari suka kai ta gaban gwamnati. Gasar ƙasa ta farko a Tawa aka yi ta, babban birnin jiharmu, kuma Kantu na Maradi ne ya zama zakara. Ina ɗan lakwal a lokacin. A zauren kawu muka saurari kokowar shekarun farko, mu fiye da goma a kan rediyo guda, shi yana riƙe da ita kamar jariri. Ƙarfinsa ya riga ya fara ja baya, gwiwa ta soma ciwo. Ran nan bayan an tashi na ce masa, “Kawu, da kai ne a can, da ka ka da zakaran?” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ɗana, an gina matakala bayan na sauko daga bisa. Ku ne za ku hau.”

Matakalar da yake nufi har yau ita ce. Yaro ya fara a fagen ƙauye. In ya yi fice, a kira shi zaɓen gunduma, a Ƙonni, ko Illela tamu ta Nijar, ko Malbaza wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Daga nan sai Tawa, inda ake tace gwanayen jiha baki ɗaya a fitar da goma. Jihohi takwas, kowace da gomanta, mutum 80 ke nan ke haɗuwa a garin da zagayen ya faɗo wa. Kwanaki ana karawa jiha da jiha, kuma kaye ɗaya ya isa ya fid da mutum daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kare sunan jiharsa. Waɗanda ba su faɗi ba su ke raguwa kullum, har a wayi gari saura biyu. Wanda ya tsaya a ƙarshe a ba shi takobi, a naɗa masa rawani, ga miliyoyin sefa, ga kyaututtukan attajirai da 'yan siyasa. A sama da wannan kuma akwai gasar ƙasashen yammacin Afirka, inda namu suka sha haɗuwa da 'yan Senegal da Najeriya.

Ba na raina abin da tsarin ya kawo. Manomin da bai taɓa zama a aji ba ya wayi gari shugaban ƙasa na miƙa masa hannu. Filin kokowa na Maradi sunan Kantu yake amsawa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Mu ma a jihar Tawa mun yi Kadade, wanda tsofaffi har gobe in sun ambace shi sai sun gyara zama. Isaka Isaka na Doso kuwa ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Makaɗa da 'yan cali-cali masu ba da dariya a fage su ma sun sami abin sa wa a bakin salati. Kwanakin gasar, ko mai kabu-kabu a tashar Ƙonni sai ka yi da gaske kafin ya ɗago kai daga talabijin ya kai ka inda za ka.

Abin da ke damuna shi ne matakin ƙasa, wanda kowa ya taka ya wuce. Da zarar yaro ya sa rigar jiha, ya zama “na Tawa”. Garin da ya ci tuwonsa, tsohon ɗan kokowar da ya koya masa yadda ake kama ƙugu da yadda ake zare ƙafa daga tarko, samarin da ya yi ta kayarwa suna tashi suna sake ba shi jikinsu har ya goge, duk sun ɓace daga lissafi. Wani ma ba jiharsa zai yi wa kokowa ba, domin jihohin da ke da abin hannu kan zo su ɗauki gwanin da wasu suka raina, a ba shi ɗan aiki ko wurin zama, a sauya masa riga. Ban ga laifin yaron ba, talauci ba abin ado ba ne. Amma fagen da ya fito ko buhun yashi ba ya samu.

Wani ɗan ƙanena ne ya sa na sake duban wannan magana ta wata fuska. Shi ƙwallon kwando yake bugawa, a wani fili na siminti da ya tsattsage, kwandon ko raga babu. Shi ya ba ni labarin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, nan kusa da mu in an kwatanta da inda ya kai. Da ya tafi Amurka ba babbar jami'a ya samu ba. Wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ce ta karɓe shi, Bismarck, a jihar Dakota ta Arewa mai tsananin sanyi. Daga can ya ɗan taɓa wata jami'a a Montana, sannan ya yi shekaru yana buga wa ƙananan kulob a Turai. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, a 2010 aka ba shi ragamar kulob ɗin Denver, kuma a 2019 Toronto Raptors da yake shugabanta suka ci kofin NBA. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, yana dawowa da masu horarwa da takalma da ƙwallaye, daga baya har da gina filaye, don yaran da ke tsaye inda ya taɓa tsayawa.

Yaron ya nuna mini wani abu kuma a wayarsa. A can NBA, in za a gabatar da ɗan wasa kafin a fara, sai an faɗi makarantar da ya fito, komai ƙanƙantarta. Scottie Pippen, da ya ci kofi shida tare da Michael Jordan, daga Central Arkansas aka ɗauko shi a 1987, makarantar da ko cikin manyan rukunai ba ta a lokacin, amma duk daren da aka kira sunansa sai an kira nata. Na ce masa mu ma muna da wannan, sai dai ba a bakin mai sanarwa yake ba. A bakin makaɗi yake. Shi ne in ɗan kokowa ya shigo fage zai tono garinsu, da ubansa, da wanda ya yaye shi, da fagen da ya fara kaye. Amma makaɗi tsufa yake, ganga kuma ba ta ajiye takarda.

Kawu ya rasu shekarun baya. Gurunsa na nan a wurin babban ɗansa, cikin tsohuwar adaka, fatar ta bushe ta yi baƙi. Bara da kaka na je ƙauyen, na tarar an share filin bayan gari, a daidai inda ake sharewa tun muna yara. Wani saurayi siriri, da bai fi shekara 18 ba, ya ka da mutum huɗu a jere kafin magariba. Wani baƙo da ya zo a kan babur ya ja shi gefe yana karɓar lambar wayarsa. Ni kuma na je wurin tsohon da ke riƙe masa layu da butar ruwa, na gaishe shi, na tambaye shi sunansa da sunan wanda ya koya masa, na rubuta a bayan takardar da ke aljihuna.