Daga Lifidi Zuwa Hular Kwano: Tarihin Kayan Kariyar Mahayi a Ƙasar Kano

Rubutun wannan makon a kan kayan da mahayi ke sawa ne don kare jikinsa, tun daga zamanin doki har zuwa zamanin babur.

Wanda ya san titin Kano zuwa Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwar Kara, ya san yadda babura ke kwararowa daga Ɗankaza da Darki da Utai da Lajawa da Indabo. Wani ya goyo mutum biyu, wani ya ɗauro akuya, wani buhun masara. Da wuya ka ƙirga goma ka samu ɗaya da hular kwano. Yawanci hular zanna ce ko kan tsura, ga silifas a ƙafa, ga riga tana kaɗawa a iska. Abin mamakin shi ne, ƙasar da wannan titi ya ratsa ta san kayan kariyar mahayi tun shekara ɗari shida da suka wuce.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya faɗi dalili: asarar mayaƙa ta yi yawa a yaƙin Umbatu. Wato sai da aka ƙirga gawawwaki sannan aka nemi kariya. Ku riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi.

Kowanne daga cikin kayan nan uku da aikinsa. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, tana tare kaifin takobi. Lifidi kuwa yadi ne ruɓi biyu, a cusa masa auduga ko audugar rimi, a ɗinke shi layi-layi kamar katifa, a lulluɓe doki da mahayinsa. Kaurinsa ne ke shanye ƙarfin duka, kibiya mai dafi kuma ta maƙale a cikin audugar kafin ta kai ga fata. Kwalkwali shi ke tsare kai, wani na ƙarfe, wani na tsumman da aka cusa aka ɗinke, akan kuma yi masa ado da gashin jimina. Saboda haka magabatanmu sun rarrabe haɗari biyu, yanka da duka, suka tanadar wa kowanne maganinsa.

Kayan suna da nasu aibin. Suna da nauyi, ga zafi. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir a 1826, ya bayyana cewa ɗan lifida sai an ɗaga shi ake ɗora shi a kan doki. Duk da haka ba a yar da lifidi saboda zafi ba, domin mayaƙi ya san abin da yake fansa da gumin nan. Bindiga mai ruwan harsashi ce ta kashe amfaninsa. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, auduga kuwa ba ta tare harsashi. Daga nan lifidi ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan hawa. Har yau 'yan lifida da 'yan sulke suna fitowa a Hawan Sallah da Hawan Daushe, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Siffar ta rayu, amma aikin da aka yi ta dominsa ya tsaya a 1903.

A daidai lokacin da lifidi ke komawa ado a wurinmu, Turai da Amurka suna fara neman nasu lifidin saboda sabon doki na ƙarfe. Mahayan farko kayan hawan doki da na soja suka ara. A 1924 aka kafa kamfanin Belstaff a Ingila, wanda ya yi suna da rigar yadi mai shafen kakin da ruwa ba ya ratsawa, Barbour kuma ya fito da tasa rigar ta masu babur a 1936. A birnin New York, a 1928, wani mai ɗinki Irving Schott ya fito da baƙar rigar fata mai zif a karkace, ya sa mata suna Perfecto. Karkacewar ba ta kwalliya ba ce: ɓangaren gaba yana hawa kan ɗan'uwansa, iska ba ta samun hanyar shiga ƙirji, rigar kuma gajeriya ce don kada ta tattare idan mutum ya duƙa kan kan babur. Fim ɗin The Wild One na 1953, inda Marlon Brando ya sa irinta, shi ya mai da ita rigar 'yan ƙwalisa. Samarin Landan masu taruwa a shagon shayi na Ace Cafe a shekarun 1950 da 1960 suka ɗora, suna gasar kai mil 100 a awa. Abin da a yau ake tallatawa da sunan tsohon yayi, yawanci kamannin wannan zamanin ake kwaikwayo.

Yaɗuwar hular kwano ma da mutuwa ta fara. Ranar 13 ga Mayu 1935, T. E. Lawrence, sojan Ingilan nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya faɗi daga babur ɗinsa ƙirar Brough Superior ba hula a kansa, ya mutu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cairns ya bi diddigin sojojin kai saƙo da ke mutuwa a kan babur, ya wallafa sakamakonsa a 1941, a shekarar kuma rundunar sojan Ingila ta tilasta wa mahayanta sa hula. Kun ga hanyar Kanajeji ce aka sake bi. Hular wancan zamanin rabin ƙoƙo ce mai cikin toton itace, Turawan Ingila suna kiranta da sunan kwanon da suke dafa alawa a ciki, kamar dai yadda mu ma muka ce hular kwano. Kamfanin Bell na Amurka ya fito da mai rufe kunne da ƙeya a 1954, sannan mai rufe har haɓa a 1968. Farar hula a Ingila kuwa sai 1973 doka ta hau kansu, shekara 32 bayan ta soja.

A nan gida, zamanin mulkin mallaka babur abin hawan Turawa ne da ma'aikata ƙalilan, talaka keke yake buri. Shekarun 1970 ne suka sauya lissafi. Kuɗin man fetur ya shigo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a farkon 1975, malaman makaranta da akawu da malaman gona suka hau Honda da Suzuki da Yamaha, Vespa kuma ta zama ta 'yan kasuwa da 'yan gaye. Babur ɗin wancan lokacin alamar rufin asiri ne, mai shi ke hawa, da babbar riga da hula, sannu a hankali. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta fara a 1986, aiki ya yi ƙaranci, motocin haya suka tsufa, sai babur ya zama jari. Achaɓa ta bazu a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi, okada a kudu. Da baburan Caina masu araha irin su Jincheng suka shigo, daga baya Bajaj na Indiya, har ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ya samu abin hawa. Mashin ɗin ya iso, kayan kariyarsa ba su biyo shi ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sa ranar 1 ga Janairu 2009 a matsayin ranar fara tilasta hular kwano ga direba da fasinja. Abin da ya biyo baya a Kano har kafafen labaran duniya sun ɗauka: wasu 'yan achaɓa suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, wasu tukunya ko roba. An yi ta dariya, amma dalilan ƙin dokar ba na dariya ba ne. Farashin hular ya yi tsalle a 'yan kwanakin nan. Fasinjoji suka ƙi sa hular da kowa ke sawa, saboda tsoron ƙwarƙwata da ƙyasfi. Jita-jita ta bazu cewa matsafa na sa asiri a ciki don su sace mutum. Ga mai rawani da mai ɗaurin ɗankwali, ga zafin bazara. Ba a daɗe ba dokar ta yi sanyi. Shekara huɗu bayan haka, da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari ranar 19 ga Janairu 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana sana'ar achaɓa, A Daidaita Sahu ya maye gurbinta a birni. Matsalar tsaro ce ta kawo wannan doka, ba ta shafi kan mahayi ba. A karkara irin ta Wudil kuwa, babur ne har yau ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai amfanin gona kasuwa.

Idan muka dawo kan tsohon yayi, akwai bambanci tsakanin abin da Bature ke saye da abin da ke isowa gare mu. Rigar da ake ɗinka wa mahayi yanzu a Turai, waje kamannin 1955 ne, ciki kuwa na yau. Fatar sa ce mai kauri sama da milimita ɗaya, da soso na musamman a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya, wanda aka gwada bisa ma'aunin EN 1621. Wandon jins ɗin ma akan yi masa shafi da zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1965. Fatar na tare gurzar kwalta kamar yadda sulke ke tare kaifi, soson na shanye duka kamar lifidi. Amma baƙar rigar da saurayi ke tsinta a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai lokacin hunturu, sau da yawa ta kwalliya ce, fatar tunkiya siririya ko ledar roba mai kama da fata. Tana maganin sanyi, ba ta jure jan ƙasa. Hular gwanjo ta fi haɗari, domin farin soson da ke cikinta sau ɗaya yake aiki. Idan ta taɓa buguwa sosai ya riga ya danne, ko da waje na sheƙi. Masu ƙera ta ma cewa suke a canja bayan kimanin shekara biyar. Hular 'yan gini kuma ba ta babur ba ce. Mai saye ya nemi tambarin gwaji irin ECE ko DOT, ya tabbatar ta kama kansa, ya ɗaure igiyar haɓa, in ba haka ba ita za ta riga shi tashi. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan aikin duk suna hannunmu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yawan takalma da jemammiyar fatar da ake fitarwa. Fatar akuya tana cikin waɗanda aka fi so wajen ɗinka safar hannun masu babur, saboda laushi da ƙarko. Masana'antun jima suna nan a Challawa da Sharaɗa, suna tura fata waje, fatar shanun da ake yankawa kuma kaso mai yawa ganda take zama. Dukawa suna nan, masu ɗinka wa fada lifidi ma ba su ƙare ba. Hular kwano dai sai masana'anta da ɗakin gwaji, ba aikin hannu ba ce. Amma safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai huji-huji da iska ke ratsawa da soso a gaɓoɓi, ba su fi ƙarfin birnin da ya yi wa doki riga ba.

Za a ce zafi, za a ce tsada, kuma duka gaskiya ne. Ɗan achaɓan da ke biyan balas kullum yamma ba shi da rarar sayen rigar Turai. Za a kuma ce ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan ma gaskiya ne. Amma mayaƙan Sarkin Musulmi Bello ba su fi mu ƙarancin imani da ƙaddara ba, kuma da lifidi suka fita, cikin rana irin tamu.

Wannan tarihin bai gama rubutuwa ba, musamman ɓangarensa na karkara. A Ɗankaza da maƙwabtanta akwai dattawan da za su iya faɗin wanda ya fara shigo da babur garin, da irinsa, da abin da ya sa a jikinsa, da waɗanda hanya ta ci. Akwai masu ɗorin gargajiya da suka fi kowa sanin ƙashin da ya fi karyewa. Mai kusa da su ya zauna da su tun suna raye, ya rubuta da suna da shekara, ya kawo mana nan mu karanta.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.