Asalin Ledar da Ke Cikin Buhun Ajiyar Wake

Wani manomi daga yankin Maraɗi ya rubuto mana yana cewa: "Don Allah ina asalin buhun nan mai leda biyu a ciki? Ta yaya 'yar leda za ta kashe ƙwaro ba tare da magani ba?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma sai ka gyara zama, domin labarin ya faro ne daga nesa.

A shekarar 1933, a garin Northwich na ƙasar Ingila, wasu masana biyu na kamfanin ICI, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna gwajin matse wata iskar gas da ƙarfin gaske. Da suka buɗe tukunyar gwajin sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin zuma. Ba shi suke nema ba, amma shi ne kakan duk ledar da kake gani a kasuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɓoye sirrinsa, ana lulluɓe wayoyin na'urar hango jiragen sama da shi. Sai a 1953 wani Bajamushe, Karl Ziegler, ya gano hanyar yin wata iri mai tauri, wadda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Wannan aiki ya sa ya sami kyautar Nobel a 1963.

To ina ruwan wake da wannan? Ka san iyayenmu da toka da yashi suke adana wake. Daga baya aka koma zuba guba, har ana jin labarin iyalan da suka kwanta asibiti bayan cin wake. A 2015 ma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Tun a ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue da ke Amurka, Larry Murdock, ya haɗa kai da masu binciken noma a Marwa, arewacin Kamaru, suna neman mafita. Sun lura cewa in aka rufe wake ruf a cikin leda, ɓarna tana tsayawa. A 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashenmu, ciki har da Nijeriya da Nijar. Shi ne ake kira PICS.

Ga yadda yake aiki. Ƙwaro ma numfashi yake yi kamar ni da kai. In ka ɗaure buhun, sai ya shanye 'yar iskar da ta rage, sabuwa kuma ba ta shiga yadda za ta ishe shi. Sai ya daina ci, ya daina haihuwa, a ƙarshe ya bushe ya mutu. Kaurin kowace leda bai wuce na silin gashin kai ba, wato kashi 8 cikin 100 na milimita guda. An yi su biyu ne don in ɗaya ta sami rauni, ɗayar ta tare. Buhun waje kuwa shi ke ɗaukar wahalar dako.

Saboda haka Malam, ƙarfin buhun nan duk a rashin huji yake. Ka shanya wake ya bushe sarai, ka fitar da tsakuwa da kara. Ka kama iska a cikin kowace leda ka matsa, ka ji ko tana fita. Bayan ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace ɗaya daban. Ka ɗora a kan katako inda ɓera ba zai kai ba, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Masu saye da sayarwa, a daina soka bututun ɗibar samfuri a irin wannan buhu. Huji guda ya isa ya ɓata ajiyar wata shida.

Da fatan mun amsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.