Faransiskan a Ƙasar Moba da Muhawarar Zaman Almasihu Mutum

Bombouaka, garin Moba da ke kudu da Dapaong a arewacin Togo, yana cikin yankin da Kiristanci ya makara isowa, domin Jamusawa sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga arewacin ƙasar, alhali fataken Hausawa masu safarar goro sun riga sun kafa zanguna a Mango da Sokodé. Sai a 1937 Cocin Katolika ta ware Sokodé a matsayin yanki mai zaman kansa, ya zama dayosis a 1955, wato ƙasar da bishop guda yake shugabanta. A 1960 aka yanke Dapaong daga cikinsa aka damƙa wa Faransiskan, mabiya Faransis na Assisi, kuma Barthélemy Hanrion ya zama bishop na farko a 1965.

Ƙungiyar Faransiskan tana da tsohon ra'ayi a kan wata matsala mai wuya a tauhidin Kirista. Don a gane matsalar sai a fara da Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya koyar cewa an halicci duniya ne tare da lokaci, saboda haka tambayar abin da Allah yake yi kafin halitta ba ta da tushe, tunda babu jiya babu gobe a wurinsa. Har nan malamin Musulmi na zangon Sokodé ba zai sami abin musu mai yawa ba, don shi ma yana karantar da cewa zamani ba ya gudana a kan Mahalicci. Inda hanya ta rabu shi ne aƙidar cewa Madawwamin ya ɗauki jikin ɗan Adam, aka haife shi a wani gari cikin wata shekara. Taron bishop-bishop na Kalsidon a 451 ya amsa cewa Almasihu ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta allahntaka wadda ba ta sākewa da ta mutuntaka wadda ke girma tana gajiya, ba tare da sun gauraye ko sun rabu ba.

Abin da taron bai taɓo ba shi ne dalilin zuwan. Toma Akwinas, malamin ƙungiyar Dominikan, ya fi karkata ga cewa da Adamu bai yi zunubi ba da babu wannan haihuwa. Duns Skotus, Bafaransiskan da ya rasu a 1308, ya ƙi yarda, yana mai cewa Almasihu ne farkon abin da Allah ya nufa tun fil azal, kuma dominsa aka yi halitta, don mafi girman aikin Allah bai kamata ya rataya ga laifin bawa ba. Hujjar Skotus ta fi dacewa da koyarwar Agustin a kan lokaci, domin wanda lokaci ba ya wuce masa ba ya jiran ɓarna ta auku kafin ya yi shawara. Cocin dai ta bar ra'ayoyin biyu suna tafiya a makarantun horar da limamanta, ba ta haramta ko ɗaya ba.